Kiwon Mota Lokacin Ɗari: Abin da Za Mu Koya Daga Direban Soja

Muna gaida ɗalibai da malamansu na Dogon Kiriya, da Sukukutan, da Matankari, da Ɗan Kasari, da Dogon Dutsi, da Tibiri, da sauran garuruwan Arewa.

Hirarmu ta yau a kan mota take, da yadda ake kula da ita lokacin sanyi. Za mu ɗauki misali daga direban soja.

Wani zai ce, "Ni ba soja ba ne, ba ni da mota, ina ruwana?" To, da ruwanka, ɗan'uwa. In naƙuda ta yi wa mace tsanani da tsakar dare a Dogon Kiriya, mota ce za ta kai ta asibitin Dogon Dutsi. In motar ta ƙi tashi, rai biyu ke cikin haɗari. Kamiyo ke kai wakenmu kasuwa. Inji ke niƙa mana hatsi. Inji ke ja wa masu dankali ruwa a lambunan Dutsi. Cikinmu akwai direbobi, da yaran mota, da ƴan kabu-kabu, da iyayen samarin da ke aikin soja a arewacin ƙasa. Saboda haka zancen nan na kowa ne.

Me ya sa muka zaɓi soja?

Domin direban soja ba ya jiran mota ta lalace kafin ya dube ta. Bai san sa'ar da za a ce masa tashi ba. Ana iya kiransa da rana, ana iya kiransa da asuba. Kuma in motarsa ta mutu a Tenere, tsakanin Agadas da Bilma, tafiyar wajen kilomita 600, babu garaji, babu mai faci, babu rijiya kusa. Don haka ƙa'idar soja ita ce a duba mota sau uku: kafin tafiya, da cikin tafiya, da bayan tafiya. Ba makanike ke yin wannan duba ba. Direba ne da kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sojojin duniya da wuya suka koyi wannan darasi. A 1941 sojan Jamus suka kai yaƙi ƙasar Rasha, har suka zo kusa da birnin Mosko. Cikin watan Disamba sanyi ya yi tsanani ƙwarai. Man inji ya daskare, motoci da tankokin yaƙi suka ƙi tashi, har direbobi suka riƙa hura wuta a ƙarƙashin inji. A ƙarshen 1950 sojan Amurka suka gamu da irin wannan wahala a duwatsun Koriya. Batir ya riƙa mutuwa, motoci suka riƙa tsayawa. A 1951 rundunar Amurka ta fara buga wata ƴar mujalla ta kula da kayan aiki, da zane-zane da kalmomi masu sauƙi, don kowane soja ya iya karantawa. Kun ga ke nan, karatu da kiwon mota tare suke tafiya.

Sanyinmu da na wasu

Ana auna zafi da sanyi da digiri. A digiri 100 ruwa ke tafasa. A sifiri ruwa ke zama ƙanƙara. Sanyin da ya kama sojan Jamus da na Amurka ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Namu bai kai nan ba. A Arewa, cikin Disamba da Janairu, dare yakan sauko wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka, rana kuwa ta haura 30. Amma a arewacin ƙasarmu, wajen Bilma da Dirku da Madama da duwatsun Azbin, dare yakan kusanci sifiri, wani lokaci ya wuce. Motar da ta tashi daga Dosso tana iya kwana a can bayan ƴan kwanaki.

Sannan hunturunmu ba shi kaɗai yake zuwa ba. Yana zuwa da ƙura. Iska na tasowa daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙurar hamada mai laushi kamar gari, ta rufe mana sama da hazo. Ashe abokan gaban mota biyu ne lokacin ɗari: sanyi da ƙura. Sanyi na hana ta tashi yau. Ƙura na cin ta a hankali har ta mutu baɗi. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: batir

In mota ta ƙi tashi da safe, batir ne abin zargi na farko. Ku dubi jikinsa, za ku ga an rubuta 12V. Ƙarfin wutarsa ke nan. Ƙananan motoci batir ɗaya gare su. Manyan kamiyo da motocin soja da yawa suna haɗa biyu, su zama 24V.

Cikin batir akwai darma da ruwan asid. Haɗuwarsu ke ba da wuta. Sanyi na rage saurin wannan aiki. A sifiri, batir kan rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Ga shi kuma a lokacin ne inji ya fi nauyin juyawa. Kamar a ce jaki ya kwana da yunwa, da safe kuma a ƙara masa kaya.

Amma ku lura da wannan. Ba hunturu ke kashe batir ba. Bazara ke kashe shi, hunturu ya tona asirinsa. Zafin watan Afrilu da Mayu ke ƙafar da ruwansa, ya cinye darmarsa. Yana ta aiki da rauni ba wanda ya sani, sai ran da sanyi ya sauko. Don haka a duba batir tun kaka, kafin ɗari ya shigo.

Ga yadda ake yi. In batirin mai murafu ne, a buɗe su, a ga ruwa ya rufe darma. In ya ragu, a ƙara tataccen ruwa, wanda ake sayarwa don wannan aiki. A nan sai an yi karatu. Kwalba biyu ake sayarwa, kuma mutane kan kira su duka ruwan batir. Ɗaya asid ce, ɗaya tataccen ruwa. Batirin da ke aiki ba a ƙara masa asid. Ba a kuma zuba masa ruwan rijiya, domin gishirin da ke ciki na ɓata shi. Batirin da aka rufe ruf tun daga masana'anta ba a buɗe shi.

Sai kawunansa biyu. Ɗaya na da alamar tarawa, ɗaya na da alamar ɗebewa, irin waɗanda muke yi cikin lissafi. In kun ga wani farin gari ko kore ya taru a kansu, yana tare wa wuta hanya. A jiƙa kanwa kaɗan a ruwan ɗumi, a wanke kawunan da tsohon buroshi. Za ku ga yana kumfa. Kanwar ce ke kashe asid. A kula kada ruwan kanwa ya shiga cikin batir. A goge, a ɗaure sosai, a shafa giris kaɗan. In za a kwance waya, a fara da ta alamar ɗebewa. In za a mayar, ita ce ta ƙarshe.

Makanike na da abin awo. Batir mai cikakken caji yana nuna 12,6. In ya nuna 12 ko ƙasa, yana bukatar caji. Motar da ke ajiye, kamar motar asibiti, kada a bar ta ta yi makonni ba a tashe ta ba. A tashe ta kowane mako, a yi tafiya da ita wajen rabin awa.

Kada a sha taba kusa da batir, kada a haska shi da ashana. Yana fid da wata iska mai kama wuta. In za a ja wuta daga wata mota, 12 da 12 ake haɗawa, 24 da 24, tarawa da tarawa.

Na biyu: man inji

Kowace mace ta san abin da sanyi ke yi wa man shanu da man kaɗe. Da bazara suna narkewa, da ɗari su daskare. Man inji ma haka yake yin kauri. Da dare duk man na sauka ƙasan inji. Da safe sai famfo ya tura shi sama. In ya yi kauri, yana jinkirin isa, ƙarfe ya riƙa gogar ƙarfe ba mai. Wannan ɗan lokaci na tashin safe yana cikin abin da ya fi cin inji.

Ku ɗauki galan na mai ku karanta. A wani za ku ga 40 kaɗai. A wani za ku ga 15W-40. Harafin W farkon kalmar Ingilishi ce mai nufin lokacin sanyi. Lambar da ke gabansa na nuna halin man cikin sanyi. In lambar ƙarama ce, man ya fi gudu da safe. Lambar da ke bayansa na nuna kaurinsa in inji ya yi zafi. Mai 15W-40 yana gudu da asuba, yana kuma riƙe kaurinsa da azahar. Shi ya sa ya dace da ƙasar da dare ke sanyi rana na zafi. Amma kowace mota na da littafinta, wanda masu ƙera ta suka rubuta. Abin da littafin ya ce shi za a bi.

Ana duba mai kowace safiya, kafin a tada inji, mota na tsaye a wuri mai daidai. A zaro sandar awo, a goge da tsumma mai tsabta, a mayar, a sake zarowa. Akwai zane biyu a jikinta. Mai ya tsaya tsakaninsu. In ya gaza na ƙasa, a ƙara. In ya wuce na sama, shi ma illa ne. In kun ga man ya yi fari kamar an zuba masa nono, ruwa ya shiga. Kada a tada motar, a kira makanike.

Motar gazuwal da ke bin hanyar ƙura, irin Toyota Land Cruiser, ana yi mata juyen mai, wato bidans, bayan kilomita 5000. A sake matacin mai tare. Man da ake aunawa a buɗaɗɗiyar kwalba a bakin hanya, ba wanda ya san lambarsa, kuma ya sha ƙura. Arha ce mai tsada.

Na uku: gazuwal

Motocin soja da kamiyo yawancinsu gazuwal suke sha. Abu biyu ke samun gazuwal da sanyi.

Na ɗaya, ruwa. Ku tuna kofin ƙarfe da aka zuba wa ruwan sanyi, yadda yake yin gumi. Haka tankin mota yake. In ya kwana rabi, iskar da ke ciki na yin raɓa a jikin ƙarfe, raɓar ta gangara ƙasan tanki. Ruwan nan na kawo tsatsa, yana ɓata famfon gazuwal, wanda gyaransa ke da tsada ƙwarai. Maganin abin shi ne a cika tanki da yamma, ba da safe ba. A ƙasan matacin gazuwal kuma akwai wani ɗan mabuɗi. A buɗe shi kowane mako, a tsiyaye ruwan har gazuwal mai tsabta ya fito.

Na biyu, cikin gazuwal akwai wani abu mai kamar kakin zuma. In sanyi ya kusanci sifiri yana fara daskarewa, gazuwal ya yi duhu-duhu, ya toshe mataci. A Arewa da wuya a ga haka, amma mai zuwa Bilma ko Azbin ya sani. Ya tafi da sabon mataci, da wani na ajiya. Ya ajiye mota a inda iska ba ta bugun ta. In ta ƙi tashi, ya jira rana ta ɗaga. Kada ya hura wuta ƙarƙashin tanki. Abin da sojan Jamus suka yi, tilas ce ta sa su, ba gwaninta ba. Kada kuma a gauraya esansi da gazuwal. Yana ɓata famfo, yana iya kawo gobara.

Mu da ke kusa da iyaka mun saba sayen mai a jarka da kwalba. In dole ta sa, a bar jarkar ta kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, kada a juye na ƙasa-ƙasa. Nan ruwa da yashi suke.

Na huɗu: yadda ake tada inji

Injin esansi tartsatsin buji ke kunna shi. Injin gazuwal ba haka yake ba. Iska yake matsewa har ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sannan a fesa gazuwal ya kama da kansa. In ƙarfen inji ya yi sanyi, yana shanye zafin nan. Shi ya sa motocin gazuwal da yawa ke da bujin ɗumama.

In ka murɗa makulli sau ɗaya, wata ƴar fitila za ta kama a gabanka, mai kamar naɗaɗɗiyar waya. Ka jira ta mutu, sannan ka tada. Kashe fitilu da rediyo tukuna. Taka kuloci har ƙasa. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15. In bai tashi ba, ka huta minti ɗaya. In ka gwada sau uku ko huɗu bai tashi ba, ka tsaya ka nemi dalili. Naci ba ya tada mota, batir kawai yake ƙarewa. Kada a fesa esansi a bakin iska.

In ya tashi, dubi fitilar mai, wadda ke da kamar ƴar buta. Dole ta mutu cikin ƴan daƙiƙu. In ta ƙi mutuwa, kashe inji nan take. Kada ka taka totur da ƙarfi wai don inji ya yi ɗumi. Ka bar shi minti biyu ko uku, sannan ka tafi sannu-sannu, har allurar zafi ta motsa. Ba a ta da mutum daga barci a ce ya shiga kokawa.

Na biyar: ruwan inji

Ruwa na da wani hali. In ya zama ƙanƙara, girma yake ƙarawa, wajen kashi ɗaya cikin goma. In ya daskare cikin inji yana fasa lagireto, wato radiyatar, har ya tsaga ƙarfen inji. Akwai wani ruwa mai launi, kore ko ja, da ake zubawa don hana haka. In aka haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifiri. Wani an riga an haɗa shi, wani sai an haɗa. A jikin galan aka rubuta.

Kada mu ce wannan na mutanen arewa ne kaɗai. Ruwan nan na hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa da bazara. Ruwan rijiya kuwa, ku dubi cikin butar shayi da ta daɗe, ku ga farin abin da ya manne. Haka yake toshe lagireto. Amma a yi hankali: ruwan nan guba ne, kuma yana da zaƙi. A ɓoye shi daga yara da dabbobi. Kada a zuba shi a kwalbar abin sha.

Akwai wata ƴar ƙofa a hanyar ruwa, ana ce mata tamostat. Tana rufe hanya har inji ya yi ɗumi, wajen digiri 80, sannan ta buɗe. Wasu kan cire ta su yar, wai ƙasarmu da zafi. Kuskure ne. Injin da ba shi da ita yana daɗewa da sanyi, ya sha mai da yawa, ya yi hayaƙi, ya tsufa da wuri. In ta lalace, a sa sabuwa. Murfin lagireto kuma ba a buɗe shi sai inji ya huce.

Na shida: ƙura

Inji numfashi yake yi. Kowace lita ɗaya ta mai, sai ya shaƙi dubban litoci na iska. Yadda muke rufe hanci da rawani cikin hazo, haka inji yake da matacin iska. In mataci ya toshe, mota na rasa ƙarfi, tana fid da baƙin hayaƙi, tana shan gazuwal. In ya huje, abin ya fi muni. Ƙura na shiga ta gauraya da mai, ta riƙa niƙa ƙarfe kamar dutsen niƙa. Ba a jin ƙara, ba a ganin alama, sai ran da inji ya fara shan mai ya rasa ƙarfi gaba ɗaya.

Lokacin hunturu a duba mataci kowane mako. Motar da ke bin bayan wasu cikin ayari, a duba ta kullum, domin ita ke shan ƙurar na gaba. Shi ya sa ake barin tazara tsakanin motoci. A fid da mataci a hankali, a kaɗe shi da tafin hannu. Kada a buga shi a kan dutse ko taya. In za a hura iska, daga ciki zuwa waje, ba da ƙarfi ba. Na takarda ba a wanke shi da ruwa ko esansi. A sa tocila cikinsa a wuri mai duhu. In haske ya fito ta wata ƴar kafa, ya gama aiki, a sa sabo. A goge gidansa da tsumma mai laima, a rufe murfi ruf. Tsofaffin kamiyo masu matacin da ke da kwanon mai a ƙasa, a zubar da tsohon man, a wanke kwanon, a zuba sabo. Ko taku ɗaya kada mota ta yi ba mataci.

In za a ƙara mai ko ruwa, a goge bakin murfi tukuna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na bakwai: taya da roba da fitilu

Iska na tsukewa da sanyi. In sanyi ya sauko da digiri 10, iskar taya na raguwa da wajen kashi ɗaya cikin goma na kilo. A auna taya da safe, kafin tafiya, da abin awo, ba da dukan ƙafa ba. A auna ta ajiya ma. In an rage iska don bin yashi, a mayar da ita da zarar an hau tsakuwa ko kwalta.

Taya na da ranar haihuwa. A gefenta akwai lamba huɗu a jere. Biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara. In kun ga 2319, an yi ta a mako na 23 cikin 2019. Mai karatu ba a sayar masa da tsohuwa a ce sabuwa.

Yadda hunturu ke tsaga mana ƙafa, haka yake bushe roba. A matsa tiyon ruwa da hannu, a dubi bel ɗin fanka. Mai tsaguwa a sake shi, a ajiye wani a mota. Kamiyo mai birkin iska, a tsiyaye ruwan tankin iskarsa kowace yamma. Cikin hazo a kunna fitilu ko da rana, a rage gudu. Gilashi da ruwa ake wanke shi. Busasshen tsumma karce shi yake yi.

Na takwas: ran direba

Wannan ya fi duka. Da dare mai sanyi, direba ko yaron mota yakan rufe gilashi, ya bar inji na aiki, ko ya shigo da garwashi, ya kwanta. Cikin hayaƙin salansa da na gawayi akwai wata iska mai guba. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da barci, daga nan ba ya farkawa. Kada a kwana cikin mota inji na aiki. Kada a tada inji cikin rufaffen garaji. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Bargo ya fi. In an sami mutum a haka, a fid da shi waje ya sha iska, a gaggauta kai shi asibiti.

Kafin ka tada mota da safe, ka zagaya ta, ka leƙa ƙarƙashi. Ɗan akuya ko kyanwa kan nemi ɗumin inji. Yaro ma kan zauna jikin taya yana shan hantsi. Da leƙawar nan kuma za ka ga ko wani abu ya ɗiga a ƙasa cikin dare.

Littafin mota

Duk abin da muka faɗa, kai ba ya riƙe shi. Shi ya sa motar soja ke da littafi, wato karne. Kai ma ka sayi ɗan littafi irin na ƴan makaranta. Ka ja layi huɗu: rana, da kilomita, da abin da aka yi, da sunan wanda ya yi. Misali: 5 ga Janairu, kilomita 84200, an yi juyen mai, an sake mataci. Ka rubuta ranar da aka sayi batir. Ka rubuta litar mai da aka zuba. In mota ta fara shan mai fiye da da, littafi zai gaya maka kafin inji ya gaya maka. In an sake direba, sabon ya buɗe ya ga tarihin motar. Mai mota da direba ba sa gardama, domin magana na rubuce.

Mai babur da mai injin niƙa da mai injin ban-ruwa, ku ma naku ne. Ba ku da lambar kilomita a injin niƙa, amma kuna da kwanaki da awoyi. Ku duba mai da safe. Ku tsabtace matacin iska. Ku bar inji ya yi ɗumi kafin ku ɗora masa aiki. Ku rufe shi da dare.

Abin da za a riƙe

Kullum: leƙa ƙarƙashi, mai, ruwa, taya, fitilu. Da yamma a cika tanki.

Kowane mako: matacin iska, kawunan batir, ruwan matacin gazuwal, bel da tiyo.

Kafin ɗari: a auna batir, a gwada bujin ɗumama, a duba ruwan lagireto.

Duban safe bai wuce minti goma ba. Ba ya bukatar kuɗi, sai ido da tsumma da alƙalami. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa muka ce bazara ke kashe batir?

2. Mene ne ma'anar harafin W a jikin galan na mai?

3. An yi juyen mai a kilomita 84200. A kilomita nawa za a sake yi?

4. Taya mai lamba 0822, a wane mako aka yi ta, cikin wace shekara?

5. A garinku, wace mota ce ke kai mara lafiya asibiti da dare? Wa ke duba ta? Tana da littafi?

Kalmomin da za a rubuta a allo: batir, mataci, gazuwal, ƙura, ɗari, littafi.

Malamai, in da hali, ku roƙi wani direba ya kawo motarsa bakin makaranta, ya buɗe gabanta, kowa ya karanta lambobin da idonsa. Ku aiko mana da amsoshinku da tambayoyinku. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.